Ɗigon Shuɗi a Ƙarshen Titi

A daren jiya na yi mafarkin na shiga garin da nake zanawa.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane. Sunana Mati. Shekarata talatin da ɗaya ina zane a jikin manyan motoci a garejin Funtuwa: zaki, mikiya, dabino, jirgin sama, da duk rubutun da mai mota ya zaɓa. Da injin buga hoto a leda ya shigo gari, aiki ya ja baya, na sami lokacin da ban san yadda zan yi da shi ba. Shi ne na fara zuwa gidan Malam Bitrus Magaji, tsohon malamin zane da ya yi ritaya daga kwalejin horon malamai, don ya koya mini aiki da fentin mai. Bai tambaye ni abin da na iya ba. Ya ɗame mini farin ƙyalle mai kauri a kan katako, ya ɗauko wani hoto da ya yanka daga tsohuwar kalanda, zanen wani Bature da ya mutu fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Gari ne a bakin ruwa, da dogayen gidaje masu ginshiƙai, da ƙubba, da hasumiya, da kwalekwale, da wani titi da ya miƙe yana tsukewa har ya ɓace. Ya ce in kwaikwaya, taga bayan taga. Ya ce duk layukan gine-ginen nan, in na bi su da rula, wuri ɗaya suke taruwa a can ƙarshen titin, shi yana kiran wurin mahaɗa. Wata huɗu ke nan ina kai. Ban gama ba.

A mafarkin rana ce tsaka. Ina tsaye cikin kwalekwale, da buroshi uku a aljihun gaban rigata, da ɗan faifan katakon da nake haɗa launi a kai. Garin yana warin kananzir, irin wanda nake wanke buroshi da shi. Ruwan kogin yana da kauri kamar kunun gyaɗa. Inda kwalekwalen ya bi sai ya bar hanya, hanyar kuma ba ta rufewa. Mai tuƙin da ludayi yake tuƙi. Daga ƙugunsa zuwa sama mutum ne sosai, da jar hula da gashin baki. Daga ƙugu zuwa ƙasa layin fensir ne guda biyu.

Ya ce, "Kai ne mai aikin?"

Na ce ni ne.

"An ce ran Alhamis za ka yi mini ƙafafu."

"Sai rigarka ta bushe. In na taɓa yanzu launi zai shiga launi."

"Haka aka ce wancan makon." Ba da faɗa ya faɗa ba. "Ni dai ba sauri nake ba. Maiɗakina ce take tambaya, ta riga ta ɗinka mini wando."

Muka wuce ta ƙarƙashin gada. Na gane ta, kwana tara na yi a kanta. Gefenta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuskuren da Malam Bitrus ya nuna mini da bakin fensir, ya ce in bar shi sai daga baya. Masu hawa ta hagu suna isa tsallake nan take, masu hawa ta dama sai washegari. Ba wanda ya yi ƙorafi. Wata mata ma ta leƙo daga sama ta yi mini sannu da aiki.

Sai ga ni a dandali, ban san lokacin da na sauka ba.

Mutane suna tafiya hannuwa a ɗage, kowa yana kaffa-kaffa da bango, don duk garin ɗanye ne. Wani dattijo ya manta ya jingina da ginshiƙi. Da ya tashi, rabin ginshiƙin ya biyo bayan rigarsa, ya tafi da shi gida. Babu inuwa ko'ina, wannan kuwa laifina ne. A jikin mota ba ma yin inuwa. Zaki zaki ne, ja da rawaya, a zagaye shi da baƙin layi a wuce. Malam Bitrus ya sha gaya mini cewa inuwa ba baƙa ba ce, akwai shuɗi a cikinta da ruwan ƙasa, ni kuwa na yi ta ɗaga aikin zuwa gobe. Ginshiƙi ɗaya tak na gwada a kansa, a gefen dama. A nan mutane suka yi layi. Kowa ya shiga inuwar ya yi numfashi uku, ya fito ya koma baya.

Hadari ya taso daga ƙasa. Na fara jin sanyi a tafin ƙafa, sai ruwa ya soma fita daga tsakanin duwatsun daɓe yana tafiya sama, yayyafi da farko, daga baya kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya buɗe lemarsa, ya juya ta ya ajiye a ƙasa, ya shiga ciki ya tsaya. Ni ba ni da lema. Ruwan ya shiga ta ƙafar wando ya fita ta wuyan riga. Sama ta jiƙe sharkaf, gajimaren da na yi mako biyu ina gyarawa ya fara narkewa ta gefe ɗaya. Na tsaya ina kallo, ina tunanin irin farin da zan sake haɗawa.

Wata akuya sanye da rigar masinja ta zo ta tsaya a gabana.

Ta ce, "Malam Mati? Ana nemanka a ofis tun gobe."

Ofishin yana ƙarƙashin ƙubbar. A ƙofa an rubuta Sashen Nisa da Kusa, kuma rubutun hannuna ne, irin wanda nake yi a bayan tirela, har da lanƙwasa a wutsiyar haruffa. Awaki ne a kowane tebur. Ɗaya tana buga tafireta da kofato, ɗaya tana amsa wayar da ba ta da igiya, tana ta cewa a yi haƙuri a kira jiya. Babbansu wani bunsuru ne mai tabarau, da farin gemu a taje. Ya nuna mini kujera. Kujerar zana ta aka yi a bango. Na zauna a kai haka nan, ta ɗauke ni.

Ya buɗe fayil, ya karanta shafin farko, ya cinye shi.

Ya ce, "Gidan da ke kusa da hasumiya, taga arba'in da ɗaya gare shi a hoton asali. A naka arba'in. Mutanen ɗakin da ka tsallake ba su ga wayewar gari ba tun watan Rajab."

"Zan gyara, ranka ya daɗe."

"Ba su matsa ba, barci suke." Ya karanta shafi na biyu, ya cinye. "Tantabaru. Ka yi musu fikafikan mikiya. Shekaranjiya sun ɗauke tunkiyar wani bawan Allah."

"Hannu ne ya saba."

"Shi ma ba shi ya sa aka kira ka ba."

Shafi na uku bai ci ba. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya cire tabarau ya goge da gemu.

"A titin can mai tsukewa, mutum goma sha tara ne a hoton asali. A naka ashirin."

Na tuna. Ran Asabar da ta wuce, ina shirin wanke buroshi, sauran shuɗi ya rage a bakinsa, sai na ɗiga shi a can ƙarshen titin. Ban yi tunanin komai ba. Malam Bitrus ma bai lura ba.

Na ce, "Ɗigo ne kawai."

"Mun aika an tambayi ɗigon. Ta ce sunanta Tabawa."

Tabawa yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni. A Malumfashi take zaune. Da Inna ta kwanta ciwo, ita ta baro gidanta ta zo Bakori, ta yi jinyarta shekara biyu a tsohon gidanmu na ƙasa. Bayan rasuwar Inna da wata biyar na sa aka rushe gidan, na yi na bulo, da shaguna a gaba. Ginin ya tsage, wannan gaskiya ne, damina ɗaya mai ƙarfi tana iya kayar da shi. Sai da aka kwashe ƙasar tas na kira Yaya na gaya mata. Ta ce, "To, Auta," ta kashe waya. Shekara shida ke nan. Ba mu yi faɗa ba. In an yi suna ko rasuwa a dangi, nakan tambaya ko da safe za ta zo, ni in je da yamma.

Bunsurun ya ce, "Tafiya take, ta nufi mahaɗa. Ka san mahaɗa?"

"Inda layuka suke taruwa."

"Duk wanda ya kai can ba ya cikin hoto, ba ya wajen hoto. Mun aika masinja uku su ce ta dawo. Ta ce ta ji, amma ba ta iya waiwaye. Ba ka yi mata fuska ba, da me za ta waiwayo?"

"Yaushe za ta isa?"

"Da la'asar."

"Yanzu ƙarfe nawa?"

Ya dubi agogon da ke ɗaure a ƙafarsa ta gaba. Ya ce, "Laraba."

Ya buga wa shafin hatimi, ya cinye rabi, ya miƙo mini rabi. Ya ce takardar izinin tafiya nesa ce, in adana ta sosai, ba wanda zai tambaye ni ita.

A bakin titin wani tsohon Bature yana zaune a kan turmi, yana niƙa shuɗin dutse a dutsen niƙa. Ya cire gashin kansa na aro, fari mai naɗe-naɗe kamar auduga, ya ajiye a gefe yana shan iska. Ba wanda ya gaya mini, amma na san shi ne mai hoton asali. Da ya buɗe baki, Hausar Sakkwato yake yi.

"Mi kake biɗa?"

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce ni ne nake kwaikwayon aikinsa, ya yi haƙuri da ɓarnar da na yi masa.

"Awo, na gani." Ya ɗaga kai ya bi rufin gidajen da kallo, ido ɗaya a rufe. "Layinka ya miƙe. Hannunka bai rawa. Wa ya koya maka?"

"Jikin mota, ranka ya daɗe."

"Ka hi ni jan layi. Ni da zare nike yi, da ƙusa." Ya nuna hasumiyar da haɓa. "Wagga da kake ta aunawa da rula, ba nan take ba. Ni na matso ta, don ta tare mini wani gida da ban son gani."

"Gidan wa?"

"Ba ruwanka."

Ya yi ta niƙa. Sannan na yi masa tambayar da ta daɗe tana damuna, wadda na ji kunyar yi wa Malam Bitrus. Na ce mutanensa na nesa, in na matsa kusa da hoton sai in ga ba komai, taɓi biyu ne na buroshi. In na ja da baya sai in ga mutum sosai, har in san ko yana cikin fushi. Yaya ake yi?

Ya ce, "Taɓi biyun dai. Haske guda, duhu guda."

"A ina ake sa su?"

"Inda suke ga huskar mai ita. Sai ka dubi mutum har ka gaji, ka huta, ka koma ka dube shi. Akwai wani mai kwando can gaba, maƙwabcina ne. Shekara ashirin ina ganinai kullum sahe. Taɓi biyu sun ishe shi."

Ya ɗebo fari da ja da ruwan ƙasa da bakin wuƙa, ya shafa mini kaɗan-kaɗan a bayan hannun hagu. Ya karɓe faifan katakon ya ce ba zan iya da shi ba.

"Tahi. Kai za ka ƙanƙance, buroshi bai ƙanƙancewa. Ban san dalili ba. Na kai ƙara ohis, sun cinye."

Na kama hanya.

Gidajen farko dogaye ne, hawa huɗu, kowace taga da labulenta. Na san su ɗaya-ɗaya, na san wadda na yi da safe da wadda na yi idona ya gaji. Bayan taku ɗari rufinsu ya sauko, ni ma na sauko tare da su, don haka ban ji bambanci ba sai a aljihu. Buroshi suka fara nauyi. Na yar da biyu, na saɓa ɗaya a kafaɗa kamar taɓarya. Can gaba ya zama kamar azara, ina jan sa a ƙasa. Daga ƙarshe na tsaya na tsige gashi ɗaya daga bakinsa, na bar sauran a tsakiyar titi, mutane suna zagaye shi.

Da tafiya ta yi nisa abubuwa suka fara raguwa. Taga ta koma layi ɗaya. Ƙofa ta koma tabo. Mutanen da nake gamuwa da su taɓi bibbiyu ne, amma suna sallama ina amsawa. Na ga mai kwandon, mutum ne mai fara'a, da ganinsa ka san yana da surutu. Launuka suka kwanta, komai ya koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi. Na yi tari, na ji tarin ya fito siriri.

A tsakanin wasu gidaje biyu na dutse na tarar da zauren gidanmu na Bakori. Ba ya cikin hoton asali, ni ma ban zana shi ba. Ga zankwayensa biyu a sama, ga adon da magini ya yi da yatsa a goshin ƙofa, ga tsagar da ta sauko daga gindin indararo. Na yi sallama na shiga. Bayan zauren babu tsakar gida, babu ɗakin Inna, babu bishiyar lemun tsami. Farin ƙyalle ne a ɗame, ko layin fensir babu. Wata tsohuwar akuya tana zaune a gabansa tana gadi.

Ta ce, "An kwashe."

Na ce, "Na sani." Na fito.

Ban daɗe ba na hango ta. Shuɗin mayafinta ne, irin wanda take yafawa in za ta unguwa, da kular abinci a hannu. Tafiyarta ce, tana ɗan jan ƙafar hagu. Titin ya tsuke har kafaɗuna suna gogar bango biyu.

"Yaya."

Ba ta tsaya ba. Ta ce, "Auta. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba."

"Ka saba."

Na matse ta gefe na wuce gabanta, na juyo ina tafiya da baya. Inda fuska take babu komai, shuɗi ne sumul, har ana ganin sawun gashin buroshina a kai. Muryar daga cikin mayafin take fitowa.

Na ce, "An ce in yi miki fuska."

"To yi. Ni dai ba zan iya tsayawa ba, ƙafafun ba su san tsayawa ba."

Na lakaci fari da gashin nan guda, na sa. Na lakaci ruwan ƙasa, na sa. Haske guda, duhu guda. Fuska ta fito, da ɗan tabo a goshi da idanu masu ruwa-ruwa.

Ta shafa da hannu. "Wannan ta Inna ce. Mayar mata da abinta." Ta sa gefen mayafi ta goge.

Na tuna hoton da aka ɗauka ranar bikin 'yarta ta fari, yana nan a cikin akwatina. Na sake sa taɓi biyu. Wannan karon ita ce, da kumatu, da wushirya, tana murmushi.

Ta shafa. "Wannan na daɗe da ajiye ta. Haƙoran gaban nan ɗaya ya fita. Kumatun kuwa tun jinyar Inna suka tafi. Kana zuwa kana tsayawa a zaure, a gaisa ka juya, ina za ka lura?" Ta goge.

A karo na uku hannuna ne ya tafi da kansa. Kafin in ankara na yi zaki, ja da rawaya, har da geza. Ta shafa ta ji gashi.

"Allah ya shirye ka, Auta." Ta yi dariya da bakin zakin, sannan ta goge.

Launin da ke bayan hannuna saura kaɗan. Na ce, "Yaya, gaya mini yadda kike yanzu."

"Ni ina na sani? Ban cika duba madubi ba. Masu zuwa su suke gani."

Muka ci gaba, ita gaba take yi, ni baya. Bangon biyu ya ƙara matsowa.

Na ce, "Ginin ya tsage, Yaya."

"Ni da na kwana a ƙarƙashin tsagar shekara biyu, kai za ka gaya mini? Ban ce kada a rushe ba."

"To mene ne?"

"Da ka kira ni tun yana tsaye. In zo in share ɗakin Inna, in ja ƙofar da hannuna, in koma gefe a rushe ina gani. Shi ke nan."

"Na ji tsoron za ki yi kuka."

"Da na yi. Sai me?"

Na ƙara taku biyu da baya.

Na ji iska tana jan rigata ta baya, na waiwaya. Mahaɗa ce. Rami ne da bai fi bakin tulu ba. Duk layukan garin, na rufi da na taga da na daɓe, suna shiga cikinsa kamar zaren saƙa, da ɗan sauti irin na sauro. Cikinsa ba duhu, ba haske. Saura taku biyar. Launin ya ƙare, gashin buroshin ya tanƙware.

Ba wata dabara na yi ba. Na gaji ne, kuma ba wurin kaucewa. Na zauna a bakin ramin na toshe shi da bayana. Sautin ya ɗauke. Layukan suka taru a gadon bayana suna ja, ba zafi, sai dai ba sa sassautawa. Can nesa na ji garin ya yi ƙara kamar tsohon gadon ƙarfe, sannan ya yi tsit.

Yaya ta zo ta yi karo da gwiwoyina. Ƙafafunta suka ci gaba da takawa a wuri ɗaya, suka yi ta yi, har suka gaji suka bari.

Ta ce, "Ka tare hanya."

"Na tare."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Kai da ba ka iya zama wuri ɗaya ba tun kana goye."

Ta ɗan jima a tsaye. Sannan ta tattara zane ta zauna a gabana, ta miƙe ƙafar hagun, ta buɗe kula. Tuwon dawa ne da miyar kuka, da man shanu a sama, yana tururi.

"Inna na kai wa, na tarar an kwashe. Ni ba ni da bakin ci. Kawo hannun nan, duk fenti ne."

Ta kama hannuna na dama ta goge shi da gefen mayafinta, yatsa bayan yatsa. Na ci. Ta zauna tana fuskantata da wurin da babu fuska, na san kallona take. Ta tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da autar da aka haifa bayan mun daina magana. Ban tambaye ta yadda ta sani ba. Na tambaye ta ƙafar, ta ce da sauƙi, sai in sanyi ya shigo. La'asar ta iso ta tsaya a bayan Yaya, ta ga ba hanya, ta jingina da bango tana jira.

Da na cinye, Yaya ta jawo kular, ta ɗauki cokali ta fara kankare ƙasanta, ƙar, ƙar, ƙar. Na ce ta bari, na ƙoshi. Ta ci gaba. Ƙarar ta yi ta ƙaruwa har ta cika titin.

Na buɗe ido. Gari ya waye, rana ta shigo ta ƙasan ƙofa, har na makara sallar asuba. Matata Ladidi ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunya. Bayana ya ƙage. Na fito na ɗauki buta, na tsaya a kanta.

Na ce, "Ladidi, kina da lambar Yaya Tabawa?"

Ba ta ɗago ba. "Ina da ita, Malam. Duk Juma'a muna gaisawa."

"Ba ni."

"Ta ce in ranar ta zo ka tambaya, kada in ba ka." Ta juya tukunyar, ta zuba ɗan ruwa a ciki. "Ta ce ka san gidan."

Ta ci gaba da kankara.